Zoɓon Gwaggo

Kowace ƙaramar Sallah a gidan Yayanmu da ke unguwar Rusaifa a Makka muke haɗuwa. Ana shimfiɗa leda tun daga ƙofar falo har bakin taga, a jera waina da miyar taushe, da zaitun, da dibyaza, wato busassun ƴaƴan itacen nan da ake dafawa da sukari, wadda matar Yaya ke ji da ita kamar ita ta ƙirƙiro ta. Amma abin da kowa ke fara miƙa wa kofi shi ne zoɓon Gwaggo, mai citta da kanumfari, wanda ke ƙona maƙogwaro.

Gwaggo ƴar ƙanin kakanmu ce. Mu a Makka aka haife mu, ita kuwa daga Kano ta zo aikin Hajji tun ina goye, ta zauna. Ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama. Ɗaki guda take haya a wani lungu a unguwar Jarwal, tana kitso tana sayar da yaji. Ranar jajibere take dafa zoɓon da azumi a bakinta, Yaya ya je bayan la'asar ya ɗauko jarkoki biyu. Ita ba ta zuwa. Kullum ta ce ƙafarta ce, mu kuma mu ce Allah ya sawwaƙe, alhali kowa ya san tsoro take kada a tare motar a hanya a tambaye ta takarda.

A shekarar da nake ba da labari, na zauna gaban ledar nan, na ga mu kusan ashirin muna kwankwaɗar zoɓon tsohuwa, babu ko wanda ya ambace ta. Raina ya ɓaci. Ni kuwa in abu ya tsaya mini a rai, ba na iya haɗiye shi.

Na ce, "Yaya, a rufe kwanukan nan. Jarwal za mu."

Ya ce, "Yau? Da wannan zahmar, hanya cunkushe da motoci? Ya ukhti, ƙanwata, khalas, a bar maganar, da yamma na kai mata nata."

"Wallahi ba zan kai loma bakina ba sai a ɗakinta. Wanda zai zo ya taso."

Umma ce ta fara jawo takalmanta. Daga nan gardama ta ƙare, don ba a haifi wanda zai zauna Umma tana tsaye ba. Mota uku muka yi, tukunyar miya a cinyata, tana ta ɗiga mini a sabuwar abaya. Lungun ba ya shigar mota, haka muka tako da tire a ka kamar ƴan kai gara, maƙwabta na leƙe.

Ni na tura ƙofar da sallama. Na zaci zan tarar da ita kwance da zanen gida. Sai ga Gwaggo zaune a bakin katifa cikin sabuwar atamfa, ta ɗaura kallabi, hannu ya sha lalle, har da takalmi a ƙafa da jaka a cinya.

Na ce, "Gwaggo, ina za ki haka?"

Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Wajenku mana. Kowace shekara nakan shirya. In na kai bakin lungu sai in dawo."

Yaya ya juya ya fuskanci bango. Ni ma na ji kunyar da ban taɓa ji ba, amma ban tsaya kuka ba, na ce a shimfiɗa leda. Ɗakin bai ɗauke mu ba, maza suka zauna a matakala, kwano na wucewa hannu zuwa hannu.

Kofin farko na zoɓon ita na zuba wa. Ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta yi tari.

"La ilaha illallahu! Haka yake? Cittar nan ai ta yi yawa!"

Sai a lokacin na tuna da azumi take dafa shi, kuma duka take ba Yaya, ko kofi ɗaya ba ta ragewa.

Ta ce, "Shekara da shekaru kuna shan wannan wutar, babu mai faɗa mini?"

Umma ta ce, "Mu haka muka san Sallah. Kada ki kuskura ki rage."

Gwaggo ta goge ido da gefen kallabi, ta ce cittar ce. Sannan ta cire takalmanta, ta tura jakar ƙarƙashin katifa, ta miƙo mini kofin in ƙara mata.