Kwaɗon da ke Ƙafar Yaya

Ni dai ban fara buɗe kwaɗo don wani abin kirki ba. Makullin ɗakin ajiyata ne ya ɓata a gidanmu na Gusau, maigidana ya ce in jira ya taso daga ofis ya kira kafinta, ni kuwa jira ba halina ba ne. Na duba a waya yadda ake yi, na zare ƙarfe daga wata tsohuwar lema, na yi ta goga shi a bakin dakali har ya yi siriri. Da kwaɗon ya ce ƙas ya buɗe, daɗin da na ji ya fi na ranar da aka ɗauke ni aikin koyarwa.

Daga nan abin ya zame mini jaraba. Na sayi magagari na goge ƙarfe, ina tara ƙarafan lema da wayoyin ƙafar keke. Wani in lanƙwasa masa baki ya yi ƙugiya, wani in feƙe shi ya zama na murɗawa. Duk sanda muka je Tsafe gaida surukaina, sai na sa an tsaya wajen 'yan gwangwan na bakin titi na tsinto tsofaffin kwaɗuna marasa makulli. Maigidana kan ce, "Wata rana za a zo a tafi da ke, ni kuma in ce ban san ki ba." Da wasa yake faɗa, amma ya hana ni nuna wa kowa. A wannan zamani, duk wanda aka gani da irin waɗannan ƙarafa ɓarawo za a kira shi, kuma ba lallai a tsaya jin ta bakinsa ba. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ita kaɗai ta sani a danginmu, ta kuma ce aikin banza ne.

Sai aka ɗauke yayana. Manomi ne a ƙauyenmu da ke ƙasar Bunguɗu, bayan duwatsun Kwatarkwashi. 'Yan bindiga suka same shi a gona da damina, suka shige daji da shi. Muka yi ta addu'a har gero ya fara nuna, babu labari.

Wata safiya ina shirin tafiya makaranta Inna ta kira ni. Muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ki taho yanzu. Ki taho da kayan wasan nan naki."

"Inna, lafiya?"

"Kada ki hwaɗa ma kowa. Ko mijinki ki ce mai ni ce ba ni da lahiya."

Na zuba ƙarafan a jakar kayan kitso, tsakanin mataji da tsinken tsifa, na hau mota. A shingen bincike na hanyar Kwatarkwashi aka ce kowa ya buɗe jaka. Jami'in ya ɗaga ƙugiya ɗaya yana juya ta. Na ce na tsifar kai ne. Ya dubi kallabina, ya yi murmushi, ya mayar.

Inna ba ta bari na gaisa da kowa ba. Ta ja ni ɗakin da ake ajiye buhunan hatsi, ta tura ƙofa. Yaya na zaune a bayan buhunan. Da ƙyar na gane shi don rama. A idon sawunsa na hagu akwai sarƙa mai kauri, an ɗaure ta da kwaɗo, ƙafar ta kumbura har ƙarfen ya nutse cikin nama. Ya ce ƙafafunsa biyu aka ɗaure, amma yunwa ta rage shi har ta dama ta zame daga sarƙar. Sai ya naɗe ragowar a ƙwauri ya gudo.

Na ce me ya hana a kai shi wurin mai walda a yanke. Inna ta harare ni.

"Ke ba ki san garinga ba yanzu? In anka gan shi, kahin la'asar labari ya kai daji. Gudowa ya yi, ba sakin shi sunka yi ba."

Ko zarto ba su iya sawa ba, don ƙarar za ta tsallake katanga. Mutanen da muka tashi tare, muka ci tuwo a kwano ɗaya, yau ba a san wanda ke kai rahoto ba. Wannan ya fi sarƙar ba ni tsoro.

Na durƙusa na ɗora ƙafar a cinyata. Tana da zafi, tana wari. Kwaɗon ya yi tsatsa, ramin makullin cike da laka. Na sa Inna ta kawo man keken ɗinki na ɗiga, na ƙwaƙule lakar da tsinke. A gida, irin wannan kwaɗon ina buɗe shi ina hira. Aikin na yatsa ne, sai ka ji 'yan ƙusoshin ciki suna ɗagawa ɗaya bayan ɗaya. Ranar ban ji komai ba sai bugun zuciyata. Garin gaggawa, ƙugiyar da na fi ji da ita ta karye. Allah ya taimake ni guntun bai maƙale a ciki ba.

Ina cikin sa ta biyu muka ji ƙarar babur. A ƙauyenmu yanzu ba ƙarar da ake tsoro kamarta. Ya tsaya daidai ƙofar gida. Inna ta dafe ƙirji. Yaya ya janye ƙafarsa ya lafe a jikin buhu, babban mutum mai iyali, yana rufe kai da hannu. Ni kuwa na daskare da ƙarfe a hannu, ina jin fitsari. Can muka ji an ɗaga murya ana tallar kifi.

Ba wanda ya yi dariya. Yaya ya miƙo ƙafar ya ce, "Malama, yi a hankali. Ba inda za ni."

Na rufe ido na yi bisimilla. Na daina tunanin ƙafa, na ɗauka ina bakin dakalina ne a Gusau. Ƙusa ɗaya ta ɗaga, wata ta biyo. Da kwaɗon ya ce ƙas, Inna ta zauna a ƙasa tana kuka ba sauti. Muka wanke ciwon da ruwan gishiri, ta naɗe sarƙar a tsumma ta ce za ta jefa a masai.

Ina tattara kayana Yaya ya riƙe mini hannu.

"Bar mani waɗanga guda biyu. Ki gwada mani yadda aka yi."

"Yaya, me za ka yi da su? Ai ka fito."

"Gero ya nuna," ya ce. "Wa zai yanke shi?"

Na yi masa faɗa, na ce ya biyo ni Gusau, gero ya ruɓe. Ya bar ni na gama, sannan ya ce yara ba za su ci faɗana ba. Kwaɗon nan dai da na cire masa, shi na sake datsewa na ba shi, ya yi ta gwadawa da manyan yatsunsa na noma har ya buɗe. Kafin in tafi na rage tsawon ƙarafan, na ɗinke su a ƙubakar wandonsa, inda zariya ke bi.

Bayan ya warke sun koma cikin garin Bunguɗu da zama, amma gonar tana inda take, kuma yana zuwa. Har yanzu ina goge ƙarfe, sai dai gajeru nake yi, waɗanda za su shiga ƙubaka, kuma daɗin nan na farko ya tafi. In na kira shi da safe, kafin mu gama gaisawa nake tambaya.

"Yaya, suna nan?"

Sai in ji motsinsa yana laluba ƙubakar.

"Suna nan," ya ce. "Na tahi gona."