Katakon Iliasu

Duk wanda ya zauna a Zongon Kumasi wajen shekarar 1955 ya san Mma Rakiatu mai bandar kifi. Ko bai san sunanta ba, ya san warin hayaƙin da ke bin zanenta. 'Yar gajeriya ce mai kaifin baki, idanunta kullum jawur saboda tsayuwa a kan murhu. Ba a Kumasi ta yi ƙuruciyarta ba. A bakin tafkin Bosomtwi ta yi aure, ta haihu, ta binne, a wani ɗan zango da ke maƙale da ƙauyen masunta mai suna Adako. Gidaje ne 'yan kaɗan na Musulmi baƙi, masu sayen kifi su kyafe su kai birni, da ɗan masallacinsu na laka, da maƙabartarsu a gangare.

Mijinta Iliasu shi kaɗai ne ɗan zango da ya koyi kamun kifi irin na mutanen tafkin. Su ba sa hawa jirgi. Katako guda mara nauyi suke hawa, wanda suke kira padua, mutum ya zauna a kansa ƙafafu cikin ruwa, yana tuƙi da sakaina a tafin hannu. A al'adarsu kuma ƙarfe ba ya taɓa ruwan nan, ko da ƙusa ɗaya ce. Iliasu ya sha ruwa, ya sha dariya, kafin ya iya. Da ya iya kuwa bai sake sauka ba. Katako ɗaya ya riƙe shekara da shekaru, har tsakiyarsa ta lotsa daidai mazauninsa, gefe da gefe suka yi santsi inda cinyoyinsa ke guga.

Zazzaɓi ne ya kashe Iliasu. Bayan nan ruwa ya fara hawa. Ba ambaliya ba ce da za a yi kururuwa a gudu, kowace damina yakan ɗan ƙaro gaba, kuma ba ya komawa. Ya ci gonaki, ya ci maƙabarta inda Iliasu yake kwance da 'ya'yansu biyu, ya jiƙa masallacin har ya zauna. Mutanen Adako suka hau tudu suka sake gini, don ƙasarsu ce. 'Yan zango kuwa suka watse, wasu Bantama, wasu Asokore Mampong, wasu ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Rakiatu ta ɗora katakon a bayan lori ta zo Kumasi da shi.

A bangon ɗakinta ya zauna a jingine, yana shan hayaƙi. Matan gidan hayar da take zaune kan ce ta ba su shi su dafa wake, ita kuma takan ba su amsar da ba ta maimaituwa a gaban yara.

A kasuwa ta ji labarin. Matan da ke kawo mata ɗanyen kifi suka ce mutanen tafki mazauna Kumasi sun kama wani ɗaki a Bantama, suna tara kayan ƙauyukan da ruwa ya cinye, don jikoki su zo su gani. Wani malamin makaranta, Ticha Amankwa, shi ne ke kula da shi. Rakiatu ta yafa mayafi ta tafi. Ta ga taru, ta ga tukwane, ta ga kujerun dattawa, malamin yana bin su ɗaya ɗaya yana faɗin sunan ƙauyen da kowane ya fito. Ta jira ta ji an ambaci zango, ba ta ji ba.

"Ticha, ina kayan zangon Adako?"

Ya dube ta da ladabi. Hausarsa ta kasuwa ce, amma tana fita. "Maame, Adako babu zongo. Ni ban ji ba."

Ba ƙarya yake yi ba, kuma abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Yaro ne lokacin da aka watse. Ta faɗa masa sunan limaminsu, ta faɗa masa inda rijiya take, ta ce mijinta da 'ya'yanta suna ƙarƙashin ruwan nan yanzu haka. Ya saurara har ta gama, sannan ya ce idan tana da wani abu na wurin ta kawo, zai ajiye shi, zai kuma riƙa faɗa wa masu zuwa cewa an yi zango a Adako.

Abin da take so ke nan, ba wani abu ba. Kabarin Musulmi ba ya da suna ko a kan tudu, balle a ƙarƙashin ruwa. Idan ta mutu, babu sauran mai cewa sun taɓa zama a can.

Da ta dawo ta kwantar da katakon a tsakar gida, sai kunya ta kama ta. Ya yi baƙi ƙirin, ya tsage daga kai har kusan tsakiya, gara ta ɗan ci gindinsa. A tarbiyyar Rakiatu ba a kai wa mutane abu da dauɗa, ko kwanon tuwon maƙwabta sai an wanke ake mayarwa. Yanzu a jera wannan kusa da kujerun dattawan Asante, a ce ga abin 'yan zango? Ta kira Mutala kafinta, wanda bai taɓa ganin tafki da idonsa ba.

"Ɗana, gyara mini shi. Manyan mutane za su gan shi."

"Mma, ki bar shi a hannuna. Sai kin ƙi gane shi."

Ya kuwa cika alkawari. Ya kankare shi har ya yi sumul, ya haɗe tsagar da fallen kwano da ƙusoshi, ya yanke inda gara ta ci, ya shafa masa koren fenti. Rakiatu ta ga ƙusoshin, ta tuna da al'adar tafkin. Sai ta ce wa ranta ai ruwa aka hana wa ƙarfe, shi kuwa a ɗaki zai zauna. Ta ba wani mai amalanke ya tura shi Bantama, tana biye da shi cikin zanenta na sallah.

Ticha Amankwa ya daɗe yana kallon katakon. Ya shafa ƙusoshin da yatsa.

"Maame, kafra, yi haƙuri. Wannan ba padua ba ne. Ƙarfe yana jikinsa. Dattawa su gani, za su ce na kawo benci."

"A cire ƙusoshin."

"Ko an cire. Yaya zan nuna masu ya taɓa shiga ruwa?"

Ta ce bari ta nuna masa. Ta durƙusa ta ɗora tafin hannunta a tsakiyar katakon, inda mazaunin Iliasu ya lotsa. Ta shafa gaba, ta shafa baya. Ta lalubi gefen da cinyoyinsa suka goge. Ko'ina daidai yake, sumul, sai warin fenti. Mutala ya yi aikinsa da gaskiya, bai bar komai ba. Ta daɗe a durƙushe, kuma a ranar ne ta ji mutuwar mijinta fiye da ranar da aka binne shi. Ta miƙe, ta yi wa mai amalanke alama su koma.

Ba ta zargi Mutala ba, ba ta kuma sake zuwa Bantama ba. Ta ci gaba da bandar kifinta, sai dai faɗan ya ragu, matan gidan har suna cewa sun fi son ta da zaginta. Tari ya kama ta, irin na masu zama cikin hayaƙi, ya yi ta cin ta a hankali.

Ta rasu a daminar 1958, ana tsuga ruwa. Masu haƙa kabari suka aiko cewa itacen rufi bai isa ba, wanda ke maƙabarta duk ya jiƙe ya ruɓe. Wani ya tuna da koren katakon da ke ɗakinta. Mutala ne ya zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, ya yanka shi gunduwa gunduwa da zarto. Aka jera su a kanta, aka tura ƙasa.