Na Saki Mota da Goggo a Ciki

'Yan uwa, yau saura ƙiris in kashe Goggo Asabe!

Yawon hawan dutse muka je hanyar Kaltungo. Yaya Sani ya faka mota a gangare, shi da sauran abokan tafiyarmu suka haye sama, Goggo tana barci a ciki. Ni littafina zan karanta, sai na zaro wani dutse a bayan taya na zauna. Ashe motar ba birkin hannu! Ta fara silalewa baya. Yaya yana ihu daga sama, "Maryam, tare ta!" Da me, da littafi? Suri ne ya tsayar da ita.

Na leƙa ina kuka. Goggo ta buɗe ido ta ce, "Har mun iso? Yau kam Sani ya yi tuƙin hankali."