Hoton Ƙofar Gidanmu

Jama'a, wallahi abin nan ni ya faru da ni, ba ji na yi ba. Shekarun baya ne a Gure, lokacin da aka fara rushe gidajen ƙasa ana zuba siminti, ni kuma ina yawo da wata tsohuwar kyamara mai fim, ina ɗaukar zauruka da lunguna a baƙi-da-fari tun kafin su ɓace. Damagaram nake aika fim ɗin a wanke.

Na ɗauki zauren Malam Kiyari, dattijon unguwarmu, da izininsa kuwa. Da hoton ya dawo, babu zaure, sai shago mai ƙofar ƙarfe. Na ce mai wankin ne ya haɗa min da na wani, har na zage shi a waya, bawan Allah. Bayan wata uku, meri, wato hukumar gari, ta ja layin hanya, zaure ya tafi, shagon nan ya tsaya a gurbinsa, ƙofar ma ita ce. Gida biyu suka sake yin haka.

Sai unguwa ta sa min ido. In na doso majalisa hira ta mutu, ana cewa meri nake kai wa hotuna. Abin ya ci min rai, don a nan aka yanke min cibiya.

Ran nan bayan la'asar Malam Kiyari ya tare ni gaban mutane.

"In babu komai a abin nan naka, me ya hana ka ɗauki gidanku?"

"Yanzu kuwa, Baba," na ce, don zuciya ta ɗebe ni.

Na kira Inna, mahaifiyata, ta fito tana mitar na raba ta da tuwonta, ta zauna a dakali tana gyara mayafi, na ɗauka kowa na kallo.

Hoton ya dawo, gida na nan lafiya lau, har na fara murna. Amma dakali babu kowa. An shimfiɗa tabarmi a ƙofa, ga butoci a jere, ga takalman maza birjik, irin na zaman makoki. Inna ta yi ta tambaya, "Ina hotona?" ina ce mata ya ƙone.

Ba ta ga damina ba, Allah ya yi mata rasuwa. Ranar sadakar uku na fito na ga tabarmin nan, kowace a inda na san za ta kasance, kuma Malam Kiyari da ya zo gaisuwa ya kasa haɗa ido da ni.

Har yau ban san ko nuna min aka yi ba, ko ni na jawo. Ku dai, kome aka ce a kanku, kada ku wanke kanku da mahaifiyarku.