Mai Guza

Shekara ashirin ana kirana Mai Guza. Ina saurayi na kama wani guza a gulbin Bungudu, tsawonsa ya kai tabarmar salla. A majalisarmu ta bakin kasuwar hatsi a Gusau, duk baƙon da ya zauna sai an ce mini, "Ba shi labarin nan." Ni kuwa in gyara zama, in kwatanta yadda yake zaro harshe mai baki biyu. Gaskiya kowace shekara guzan nan yana ƙara tsawo, amma ba wanda ya taɓa yi mini musu.

Sai aka tura abokina, wani malamin gona ɗan Tsafe, kwas a Indonesiya. Mutumin da ko ƙadangare ya faɗo masa sai ya yi salati! Da ya dawo, ya zo majalisa da yamma bayan la'asar, ya zaro waya ya nuna mana hoto. Wai an kai su wani tsibiri can tsakiyar teku, Komodo, sai da suka sha tafiya a jirgin ruwa. Ga wata halitta ta fi ƙaton mutum tsawo, tana tafe tana rangaji, ga shi kuma a bayanta yana washe baki.

Majalisa ta rufu a kan wayar. Wallahi ji na yi kamar an zuba mini barkono a ƙirji. Hassada ce, ba wani abu ba. Ni da na shiga ruwa da hannuna, shi kuwa wani ɗan rakiya ne ya tsare masa dabbar da sanda!

Na ce, "Kai ku tafi can, wanga kada ne."

Wani dattijo mai awon gero ya matso da wayar kusa da idonsa, ya ce, "A'a Malam, dubi harshen. Baki biyu. Ba kai ka koya mana haka ake gane guza ba?"

Aka tuntsire da dariya. Ni ma na yi, ta yaƙe.

Sati biyu na ƙaurace wa majalisa, ina cewa ciwon baya. Ran Juma'a na shiga kasuwa sayen wake, na ji an ƙwala kira, "Mai Guza!" Na juya da fara'ata, har na ɗaga hannu. Mai kiran ya wuce ni ta gefe, ya je ya riƙe hannun ɗan Tsafe.