Huhun San Noma

Har na ajiye aiki ban manta da wata safiya a farkon damina ba, a shekarata ta biyu da fara duba nama a kwatar wani gari a masarautar Daura. Ina ba ku labarin ne, ku da kuka shigo aikin nan bayanmu, don na hango wa wasunku irin zafin kan da nake da shi a lokacin.

Ga wanda bai san aikin ba, ƙa'idar ita ce nama ba ya fita kasuwa sai mun gan shi sau biyu. Muna duba dabba tana tsaye da ranta, in an yanka an feɗe kuma mu duba hanta da zuciya da huhu, sannan mu buga hatimi a cinya. Ni ƙaramin ma'aikaci ne a lokacin. Shugabana shi ne Malam Lawal, likitan dabbobi, wanda ke zama a ofis sai in abu ya fi ƙarfina na kira shi.

A makarantar da aka horar da mu, littafin Turancin da muke karantawa ya siffanta lafiyayyen huhu da wata kalma da ta samo asali daga sunan soso a yarensu. Mun haddace ta tsaf, muna rubuta ta a jarrabawa, amma ba wanda ya san abin da take nufi a hannu. Da malaminmu ya gane haka, sai ya shigo aji wata rana da soson wanka da guntun katifa da huhun akuya, ya ce kowa ya zo ya danna. Abin da kalmar ke nufi ke nan: abu mai laushi, mai ƙananan ramuka cike da iska, in ka danna ya lotsa, in ka ɗaga yatsa ya dawo. Huhu mai lafiya ko a ruwa ka jefa shi, tasowa yake yi.

A safiyar da nake ba ku labari, Alhaji Ɗanjuma, babban mahaucin kwatar, ya yanka wani farin sa. Da gani san noma ne, don ga kanta a wuyansa inda itacen garma ke zama. Da ransa na gan shi ya sunkuyar da kai, na ɗauka gajiyar hanya ce. Da na zo kan huhun na danna ɓangaren dama, sai yatsana ya tsaya cak. Ya yi tauri kamar hanta, ya manne da haƙarƙari, ga wani ruwa rawaya kwance a ƙirjin. Na yanko guntu na jefa a bokiti, ya nutse. Nan na gane wannan ciwon huhu ne na shanu, wanda sa ke ɗauka daga numfashin ɗan'uwansa.

Naman ba shi ne damuwata ba. San bai rame ba, don haka huhun da kayan ƙirjin kawai za a binne. Damuwata ita ce shanun noma biyu-biyu suke aiki, kuma a ƙauye guda suke shan ruwa. Akwai wani gari da ciwon nan ke zaune a cikinsa a daidai lokacin huɗa, kuma Alhaji Ɗanjuma ne kaɗai ya san garin.

Nan na yi wautar. Na ɗaga huhun sama a tsakiyar kwata, mahauta da masu sayen kayan ciki duk suna kallo, na ɗaga murya na ce, "Alhaji, ina ka samo wannan san? Ka faɗa yanzu, ko in rubuta a rufe maka rumfa."

Dattijon da ya yi jika da ni ya dube ni daga sama har ƙasa. Ya goge wuƙarsa a hankali ya ce, "A kasuwa na saya, malamin dabbobi. Kasuwa kuwa ba ta da suna." Ya juya ya ci gaba da aikinsa. Na bi sauran mahautan ɗaya bayan ɗaya, kowa ya zama kurma.

Malam Lawal ya yi tafiya Katsina a ranar, sai bayan kwana biyu ya dawo. Ni kuwa na shafe kwana biyun nan ina rubuta rahoto mai zafi, ina jin kaina gwarzo. Da ya karanta, ya cire tabarau ya ce, "A gaban mutane ka tambaye shi?"

Na ce, "E, ranka ya daɗe."

Ya ce, "To ai kai ka rufe masa baki. Mahauci ba ya tona wanda ya sayar masa da dabba a bainar jama'a. In ya yi haka sau ɗaya, ba manomin da zai sake kai masa dabba a sirrance ranar da buƙata ta kama shi. Tashi mu je."

Bayan la'asar muka sami Alhaji Ɗanjuma a zaurensa. Malam Lawal ya tuɓe takalmi, ya gaishe shi, ya tambayi iyali, suka taɓa hirar ruwan bana. Sai can ya ce, "Alhaji, yaronka ya yi kuskure, na kawo shi." Na durƙusa na ba da haƙuri, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Alhaji ya yi murmushi ya ce, "Da ya ja ni gefe tun ranar, ai da a babur ɗina zan kai shi." Ya faɗi sunan mai san, Malam Isiyaku, a wani ƙauye a ƙasar Dutsi. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada a ci mutuncin mutumin, don bai san abin da ke jikin dabbarsa ba.

Washegari da sassafe muka isa da maganin rigakafi. A gona muka sami Malam Isiyaku yana huɗa. A ƙauyukanmu, in mutum ya rage da sa ɗaya, yakan haɗa shi da na maƙwabcinsa, su yi gonar wannan yau, ta wancan gobe. Ragowar san Malam Isiyaku yana ɗaure a garma ɗaya da jan san wani maƙwabcinsa, Malam Sule, hanci kusa da hanci, kuma na Malam Isiyakun yana tari.

Na tambaye su yaushe aka haɗa shanun. Malam Sule ya ce, "Yau kwana uku ke nan, da yamma ne, malam. Lafiya dai?"

Muka je wurin mai gari, aka tara masu shanu, aka yi wa na ƙauyen rigakafi, aka hana fita da su kasuwa. San Malam Isiyaku aka yanka shi, na Malam Sule aka killace shi a bayan gida. Sauran shanun garin Allah ya tsare su. Amma bayan 'yan makonni jan san ya fara tari, shi ma aka sa masa wuƙa. Shi ke nan abin da Malam Sule ya mallaka, ya yi shekara uku yana kiwonsa tun yana ɗan maraƙi. A damanar nan da hannu ya yi noma, shi da ƙaninsa, rabin gonar ma bai samu ya huɗe ba.

Malam Lawal ya ce mini kada in ɗora wa kaina, wataƙila tun a wurin shan ruwa ya ɗauka. Wataƙila haka ne. Amma ni na san an haɗa shanun nan ne da yammacin ranar da na ɗaga murya a kwata, kuma daga kwatar zuwa ƙauyen tafiyar awa ɗaya ce a babur.

Abin da na koya shi ne, gano ciwo a jikin dabba rabin aiki ne, kuma shi ne rabin mai sauƙi. Sauran rabin yana bakin mahauci da dillali da manomi, kuma ba sa ba da shi ga wanda ya kunyata su. Ranar da muka je yanka jan san, Malam Sule ya riƙe hannuna da hannu biyu yana mini godiya, wai na ceci shanun garinsu. Har muka hau babur ban iya kallon idonsa ba.