Ƙanwar Zanzaro da Gonar Kaka Saratu

A shekarar da kakanmu ya rasu, wutar da muke zama a bakinta da yamma a Kagoma da turakun Baba Bulus ake hura ta.

Baba Bulus ƙanen kakanmu ne. Ba a daɗe da jana'iza ba ya zo ya kafa turaku a gonar citta da masara da ke bayan gidanmu. Ya ce ƙasa ba ta mace ba ce, kuma tunda babanmu ma ya riga mu gidan gaskiya, gona ta koma hannunsa. Ni da ƙannena biyu muna wurin Kaka Saratu, matar marigayin, mamanmu tana sayar da abinci a Kafanchan, kuma da wannan gonar muke ci. Kaka ba ta yi cacar baki da shi ba. Da safe ya kafa, da yamma ta tumɓuke, ta dafa mana tuwon acca da su. A ragowar garwashin muke gasa masara muna jin tatsuniya.

Da yarenmu take ba mu labari. Amma wata yamma sai ta juya Hausa, ta ɗaga murya, don shinge kaɗai ya raba mu da gidan Baba Bulus, kuma tana so har masu wucewa su ji.

"Ga ta nan ta fito," in ji ta, "mai kunne ya tare ta."

Wai Zanzaro yana da wata ƙanwa, ƙarama kamar ƙwayar acca mai fiffike. Dukiyarta a duniya karan masara ɗaya ne. Sai Tsutsa ta zo, ƙatuwa, koriya shar, ta haye karan ta ce nata ne tunda bakinta ya fi girma. Ƙanwar ta kai ƙara wurin Rina, Rina ta ce ita gidanta kawai take yi wa faɗa. Ta je wurin Zuma, Zuma ta ce aiki ya yi mata yawa. Wanta Zanzaro kuwa yana ta kwaɓa laka, ya ce ta yi haƙuri. Yunwa ta kama ta, ta ɗaure cikinta da zare, kullum tana ƙara tamkewa, har ƙugunta ya koma siriri kamar zaren. Ran nan ta tashi ta sauka a bayan Tsutsa, ta soka mata wata 'yar allura da ke gindinta.

Nan Kaka ta kumbura kumatu ta yi muryar Tsutsa: "Cizon naki ke nan?" Sai ta sirantar da murya: "Ba cizo ba ne. Ajiya na yi. Ci gaba da ci, 'ya'yana kike ciyarwa."

Tsutsa ta yi ta ci har ranar da ta kasa motsi. Wasu fararen abubuwa kamar shinkafa suka fito a bayanta, suka fashe, 'ya'yan ƙanwar Zanzaro suka tashi suka rufe karan uwarsu.

"Ta ƙare," in ji Kaka, tana kallon shinge. "Wanda ta taɓa, ya sosa."

Na ce mata ƙarya ce. Washegari ta ja ni cikin tumatir, ta juya wani ganye. Ga tsutsa a sandare, bayanta cike da fararen ƙwayoyi. Ban ci tumatir ba har ƙarshen damina.

Dattawan ikilisiya sun zo sulhu. Babbansu ya ce, "Mama, ki yi haƙuri." Ta ce, "Dattijo, ai haƙurin nake yi. Shi ya sa turaku kaɗai nake ƙonawa." Da magana ta kai gaban dagaci, ta jera mu ukun a gabansa, ƙafafunmu duk laka. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ga masu gona. In za a ƙwace, a dube su a faɗa musu." Ba wanda ya iya. Aka yanka wa Baba Bulus ɓangaren gonar da ke gefen rafi, aka bar mata sauran. Har ta mutu ba ta daina kiran gefen rafin nan nata ba.

Yanzu ina koyar da ilimin halittu a kwaleji, kuma waɗannan ƙananan ƙwarin su ne aikina. Nakan sa su a ƙarƙashin madubin ƙara girma, in duba jijiyoyin fiffike da gaɓoɓin ƙahonnin kansu, don da su ake gane wannan dangi daga wancan. Siririn ƙugun nan shi ya haɗa su gida ɗaya da zuma da rina da tururuwa. Allurar kuwa bututun saka ƙwai ne, mata kaɗai ke da shi, kuma shi ne ya zama abin harbi a jikin rina. Ƙugun ma ba yunwa ta sirantar da shi ba, shi ke ba ta damar lanƙwasa jiki ta soka daidai inda take so.

Ina yarinya na ɗauka darasin shi ne ƙarami yana iya kayar da babba. Ba kullum yake iyawa ba, na gani. Abin da Kaka ta sa a cikinmu shi ne kada mu tashi daga kan abinmu don an fi mu baki.

Bara ɗan Baba Bulus ya same ni a Kafanchan, ya ce ya samo mai sayen gonar. "Anti, ke da kike gidan miji, ga aikin gwamnati, me za ki yi da gona?"

Na ce, "Noma ta zan yi."

Na noma ta. Cutar citta ta ruɓar da fiye da rabin abin da na shuka, shi kuma ya aiko a yi mini jaje, a tambaya ko na sake shawara. Na ce a gode masa. Ruwan farko na bana a gonar ya same ni, da iri a kwando.